Ƙugiya a Shafi na Tamanin da Bakwai

A Shomolu nake neman tuwona,
a ɗakin baya na maɗaba'ar Sodipo,
inda injin ke tari tun asuba kamar tsoho mai asma.
Aikina farautar kuskure.
Katin biki, kalandar coci, littafin rasit,
fostar ɗan takara da haƙoransa talatin da biyu,
duk sai sun bi ta ƙarƙashin jan birona.

Ran Talata aka kawo mujallar masana tarihi.
Shekara uku tana jiran kuɗin takarda,
har ɗaya cikin editocinta ya riga ta kwanta dama.
Kwafi ɗari uku kacal za a buga.
Sodipo ya ce, yi sauri Ilu, waɗannan ba sa biya da wuri.

Na bi ta layi-layi, ruwa na dukan kwano.
Wani ya auna bakin tsingaro da ma'aunin gashi,
wani ya yi shafi ashirin yana gardama
da mutumin da ya mutu tun kafin a haife ni,
kan shekarar da aka haƙa wata ganuwa.
A gaban kowace maƙala an rubuta
ranar da ta iso, ranar da aka karɓe ta,
tsakaninsu kuwa alƙalai biyu marasa suna
sun tankaɗe, sun rairaye, sun ce a sake.

Sai ga Agege.
Dakta Oyelakin ta tona rami a bayan tsohon zango,
taku huɗu a taku huɗu,
ta fito da wuri ɗari da sha ɗaya, da karyayyen lofe,
da tsakiya shuɗiya guda,
da gindin randar da fatake ke jiƙa goro.
Na san wurin. Can muke buga ƙwallon tsumma.

A ƙasan shafi na tamanin da bakwai,
cikin rubutu ƙanana kamar ƙwan tururuwa,
lamba ta arba'in da ɗaya ta ce:
hira da wata dattijuwa, kimanin shekara tamanin.
Sai suna,
amma harafin farko ya zama ɗan akwati fanko,
don injinmu bai san ƙugiya ba.

Ɗayyaba ce. Kakata.
Ita ta nuna inda za a tona da bakin sandarta,
ita ta lissafa fatake bakwai da garuruwansu
tana ɓare goro da farcen babban yatsa.
Na tuna baƙuwar mai rakoda da hular rana,
na tuna ni aka aika sayo mata lemo.
Bara waccan muka kai Ɗayyaba makwanci.
Shekarunta tamanin da tara, ba kimani.

An ɗauke wuta. Janareta ya ƙi tashi sai da lallashi.
Na ce da yaron kwamfuta, Gbenro, nemo mini harafin nan.
Ya ce oga, sa na kowa mana, wa zai lura?
Mutum nawa ma za su karanta, tara?
Na ce ko tara ne.
In ka cire ƙugiyar, wata mata ka kira, ba ita ba.

Har goman dare muna tono, mu ma,
cikin rumbun haruffa,
sai ga shi a can ƙasa, da ɗan lanƙwasarsa
kamar sandar da ta nuna ramin.

Shekarun ban taɓa ba. Ba hurumina ba ne.
Na dai rubuta wa Dakta 'yar wasiƙa, na maƙala a bango.

Shafin gwaji da tawada ta ɓata gefensa
na naɗe a aljihu, na shiga danfo zuwa Agege.
Inna ba ta karatun boko.
Na ɗora yatsanta a kan sunan.
Ta daɗe tana shafawa,
sannan ta ce, shi ke nan duk abin da suka ba ta?
Na ce shi ke nan.
Ta ce to, ajiye shi cikin kwalla, kada ɓera ya ci.