Wake a Cikin Gwangwani

Aji na hawa na biyu, daren Talata,
taga na kallon tafkin Duluth da ya soma daskarewa.
Mu goma sha tara. Ni ne babba:
shekara arba'in da ɗaya, tafin hannuna duk kanta
saboda igiyar jiragen da ke dakon tama.

Malama Halvorsen na da tsohon gwangwanin kofi
da busasshen wake a aljihun rigar sanyinta.
Duk wanda ya ce "eh… to… wato…"
sai ta saki ƙwaya ɗaya.
Ƙwal.

Ranar farko ta ce: minti biyu, faɗa mana ko kai wane ne.
Na miƙe. Gwiwa ta yi sanyi,
yawu ya ƙafe, harshe ya koma tsumma.
Na ce, "Sunana Arvid Rautio,"
daga nan sai ƙwal, ƙwal, ƙwal,
na daina ƙirge a sha huɗu.
Daƙiƙa arba'in na yi, na zauna
kamar kazar da ƙwai ya fashe wa a ciki.

Ba su san abin da ya kawo ni ba.
Bara, a coci, gaban akwatin ƙanena Eino,
fasto ya miƙo mini abin magana,
na riƙe shi kamar garwashi.
Ɗaki ɗaya muka tashi, kwalekwale ɗaya,
amma ko kalma ta ƙi fita.
Na miƙa wa surukinmu,
wanda bai ma san da wace ƙafa Eino ke ɗingishi ba.

Muka koyi jan numfashi daga ciki, ba daga maƙogwaro ba.
Muka koyi cewa shiru ba rami ba ne,
ana iya tsayawa a kansa.
Winona LaPrairie na zuba kamar famfon da ya lalace,
aka ce ta ci birki a kowace aya.
Dashiell kuwa, kullum ido a kan kati,
mun fi sanin tsakar kansa da fuskarsa.
Ni aka ce in fitar da hannu daga aljihu.
In kai su ina? Ba wanda ya faɗa mini.

Mako na bakwai: koya mana abin da ka iya.
Na zo da igiya kamu shida, mai warin mai da tsatsa.
Na ce, "Wannan ƙullin ba ya zamewa,
kuma ba ya gardama in ka zo kwancewa."
Hannu ya shige gaba, baki ya bi sawu.
Na zaga, na cusa, na ja,
na ce Eino ne ya koya mini, shi da yake ƙarami,
ranar da iska ta kusa raba mu da kwalekwalen babanmu.
Na ji muryata ta karye a sunansa.
Na tsaya a kan shirun. Bai rufta ba.
Dashiell ya ɗago kai. Ashe idonsa kore ne.

Minti biyar da 'yan kai.
Malama ta juye gwangwani a tafina:
wake uku.
Ta rubuta a takarda, "Ka riƙa kallon ɓangaren hagu ma."

Ran Lahadi na hau tudun maƙabarta,
ƙanƙara har gwiwa, ba kowa sai hankaka ɗaya.
Na cire hula, na fitar da hannu daga aljihu,
na ja numfashi daga ciki.
Ba gabatarwa, ba kammalawa, ba kati.
Na faɗi abin da ya kamata in faɗa bara,
har da bashin dala sittin da bai biya ni ba.

Na ce "wato" ya fi a ƙirga.
Eino bai saki ko ƙwaya ɗaya ba.