Tsakanin Jaki da Tasa

Gwaggo Tabawa ta ce mu jinin madugai ne,
masu zuwa Gwanja da jakuna ɗari, su komo da goro.
Da wannan magana na hau mota daga Kawo,
na sauka gidan ajiyar tsoffin takardu,
ina sa ran in tarar da rawani a cikin fayil.

Fanka ɗaya ke juyi, ita ma da ƙyar.
Malam Ɗanjuma ya sauko da kundi ɗaure da zare,
ya ce, "Bi a hankali, gara ta riga ka karatu."
Tawadar ta koɗe ta koma launin jiƙon kanwa,
ajamin magatakarda na tafiya a karkace
kamar sawun kaza a kan laka.

Kwana uku ina bin sunan Madugu Barau.
Na same shi a ranar da aka raba gadonsa:
gona biyu, doki, rigar saƙi, tandu,
jaki mai tabo a wuya,
baiwa ɗaya, sunanta Nagode,
tasa huɗu, ɗaya ta fashe.

Nagode.
Sunan da ake kiran ƙanwata da shi a ɓoye,
don an ce ta ɗauko goshin wata tsohuwa
da ba a cika zancenta ba.

Na fita na tsaya a inuwar dalbejiya.
Mai rake na ta fere, motoci na wucewa,
ba wanda ya san an ajiye kakata
tsakanin jaki da tasa.

Washegari na koma, don wanda ya fara tono
ba ya barin rami a rabi.
Shafi na sittin da bakwai, zaman alƙali, ranar Laraba:
mace ta zo da ƙafarta, ba waliyyi, ba mai rakiya,
ta zube wuri zambar ɗari biyu,
ta ce a ƙirga, kuɗin fansar kanta ne.
Magaji ya ce da saura.
Ta ce a sake ƙirgawa.
Aka sake. Ya cika, har da rarar bakwai.
Magatakarda ya rubuta: ta ce a ba ta bakwai ɗinta.

Na yi dariya ni kaɗai har Malam Ɗanjuma ya ɗago.
Wannan bakin na san shi,
shi ne bakin Gwaggo a wurin mai nama.

Takarda ta ƙarshe wasiyya ce, bayan shekara arba'in,
an rubuta ta a Tudun Wada.
Ta biyo dogo ta zo Kaduna tun gari na bukkoki,
ta soya wa leburori ƙosai a bakin tasha
har kasko ya haifi ɗaki biyu da rijiya.
Ɗakunan ta bar wa ɗanta Tanimu.
Rijiya ta ce ta unguwa ce, kada a sa mata ƙofa.
Sulusi a biya bashin duk wanda aka tsare saboda bashi.
A ƙasa babu sa hannu,
sai babban yatsa, baƙi, a danne da ƙarfi,
har takardar ta ɗan huje.

Na ɗora nawa a kai. Nata ya fi faɗi.

Da magariba na iske Gwaggo tana tsince shinkafa.
Ta ce, "Ka ga madugun?"
Na ce na gan shi, layi shida ne, duk na kaya.
Ta yi shiru, tsakuwa ɗaya a hannunta.
Can ta ce, "To, ita fa?
Sun rubuta zancen bakwai ɗin?"