Da Wane Mudu Kuke Awo?

Dare uku na yi a ɗakina na Hayin Dogo,
janareton maƙwabci yana ta tari,
ina ɗinka wa manhajar rubutu ɗan maƙale
mai share guraben banza a wutsiyar layi.
Umarni ɗaya, karan ɗori ɗaya, harafin i.
Na latsa, ya share.
Na ce shi ke nan, na sha shayina da ya huce.

Da safe na tura wa Lantana a Kongo.
Kafin azahar ta kira:
"Malam, abinka ya ƙi.
Tawa na'urar cewa take, i ɗin me?
Ina rakiyar da ke bin bayansa?"
Harafin dai shi ne, Lantana,
a nan shi kaɗai yake fita,
ashe a gidanku sai da ɗan rakiya.

Yahuza kuwa, can Tudun Wada,
Windos ɗinsa ko sunan umarnin bai taɓa ji ba.
Su ba su san karan ɗori a kwance ba,
sanda suke jinginawa,
hanyar fayil ma da baya take karkata,
kamar mai sallama yana ja da baya.

Raina ya ɓaci.
Na hau acaba har Kwangila ban san me na fito nema ba.

A nan na tuna Iya Abu, kakata,
da ta yi shekaru tana kai dawa kasuwar Giwa.
Ba ta kwance bakin buhu
sai ta tambaya: "Da wane mudu kuke awo a nan?"
Ba ta taɓa zagin mudun kowa ba.
Ni ne na ɗauki na Samaru
na zaci duniya ce ta ƙera shi.

Na koma na buɗe baƙin allo,
na koya wa ɗan maƙalen ladabin baƙo:
ka fara tambayar gidan wa ka shigo.
In na Lantana ne, ka riƙo rakiya.
In na Yahuza ne, ka bi ta wata ƙofar.
Layi biyu suka zama goma sha tara,
kyansa ya ragu, amma yana gaisawa da kowa.

Jiya da dare saƙo ya shigo daga Wusasa,
wani Istifanus, tsohuwar na'ura gare shi,
sunanta ma ban iya faɗa ba.
Ya ce: "Abinka ya ƙi."
Na ɗora ruwan shayi.