Yatsu Uku

A wani tsibiri a tekun Bohol,
inda ake shanya taru a kan gora,
akwai bangon makaranta da ya fi kasuwa yawan kifi.
Nong Crispulo ne ya cika shi.
Da sassafe yake zuwa, gwangwanayen fenti a tsohon bokiti,
buroshi maƙale cikin yatsu uku,
iyakar abin da kwalba ta bar masa a hannun dama.

Kwalbar, da kansa ya ɗura mata hodar nakiya,
shekara talatin ke nan da ɗoriya.
A lokacin haka ake su:
ka kunna lagwani, ka jefa, ka toshe kunne,
teku ta yi tari ɗaya,
kifi ya taso ciki sama, fari fat,
kamar an watsa cokula a kan ruwa.
Wanda ya taso a kwashe.
Wanda ya nutse, wa zai ƙirga?
Ran nan lagwani ya riga shi.

Ya ce ba ciwon ne ya hana shi barci ba.
Da ya warke, ya sa tabarau na katako ya leƙa ƙasa,
wurin da ubansa ke kira Lambu,
sai ya tarar da kufai.
Murjani a farfashe kamar tukwanen gidan da aka yi faɗa,
ba ja, ba kore, ba motsi,
sai kaguwa ɗaya tana ja da baya
kamar ta gane shi.

Tun daga nan yake biyan bashi da launi.
Consorcia, matarsa, ta yi mita har ta gaji:
gwangwani ɗaya kuɗin shinkafar mako!
Ya ce to.
Gobe kuma ya sayo shuɗi.

Ga mai baki kamar aku, yana gurgurar dutse yana kashin yashi.
Ga dokin teku, namijin ne ke ɗauke da ciki,
yara su yi ta dariya, shi ko bai dariya.
Ga kunkuru da tabon ƙugiya a wuya,
ya san tabon, don ya san mai ƙugiyar.
Duk yaron da ya faɗi sunan kifi daidai
shi zai ɗiga masa ido.

Amma can ƙasa, kusa da famfo,
akwai kifi ɗaya da ba a gama ba.
Jiki ya fito, wutsiya ta fito,
ratsin gefe ne babu.
Ya manta launinsa.
Ya tambayi tsofaffi, kowa da tasa.
Ya ce ba zai yi wa matacce ƙarya ba,
ya bar wurin fari shekara tara.

Yanzu an kewaye Lambu da jarkoki masu iyo,
ba taru, ba ƙugiya.
Da dare shi ke gadi a kwalekwale, da tocila da shayi mai sanyi.
Wani lokacin daga nesa, bayan wani tsibirin,
yakan ji teku ta yi tarin nan,
sai yatsun da babu su su kama ƙaiƙayi.

Ranar wata Talata jikarsa Jovelyn ta sheƙo a guje,
gashi na ɗiga, numfashi sama-sama:
Kaka, na gan shi! Guda biyu! Ƙanana!
Ruwan ɗorawa ne!

Ya ajiye bokiti.
Ya gauraya, ya nuna mata, ta ce ƙara fari.
Ya ƙara. Ta ce ya yi yawa.
Har rana ta take suna gardama a kan murfin gwangwani.

Da launin ya zauna, hannunsa ya ƙi tsayawa.
Ya miƙa mata buroshin.
Ta riƙe shi da yatsu uku,
don haka ta ga ana riƙewa.