Gadar Dankali

Ranar Laraba ba ma buɗe littafi.
Nakan tura kujeru jikin bango,
in zazzage kwali a tsakar aji:
tsinkayen gora, zaren buhu, ƙusoshi lanƙwasassu,
da gam ɗin da na sayo a Kathmandu
da kuɗin da na ware don gyaran takalmina.

Yara ashirin da biyu, yatsu sun ƙage don sanyi,
numfashi na fita kamar hayaƙin murhu.
Na ce: ga kujera, ga kujera,
tsakaninsu kogi ne.
Ku haye.

Phurba ya ce, Malama, ai babu ruwa.
Na ce, to taka mu gani.
Ya dubi ƙasa, ya ɗaga ƙafa, ya fasa.
Tun daga nan kogin ya soma gudu.

Ba mu da sikeli, sai dankali
da uwar Chhewang ta ara mana cikin kwando,
bisa sharaɗin ya kwana gida,
ko ƙwaya ɗaya kada ta yi ciwon kai.

Gadar farko shimfiɗa ce kawai, kamar tabarma.
Ɗaya. Biyu. Aji na ƙirgawa da baki guda.
A na bakwai ta yi ciki.
A na tara ta ce ƙaras,
dankali ya watse ƙarƙashin kujeru,
yara na bin sa da rarrafe, dariya har da hawaye.

Sunmaya kaɗai ba ta dara ba.
Wata uku ban ji muryarta ba
sai in an kira suna ta amsa.
Ta tsince karyayyun tsinkaye,
ta jera su a cinya,
tana shafa bakin karayar da ɗan yatsa
kamar mai karanta wasiƙa.

Amsar na kan harshena, mai kusurwa uku.
Na haɗiye ta.
Wannan ne darasin da ba a koya mini a kwaleji ba:
kame baki, hannu a baya.

Da Laraba ta zagayo ta zo a makare,
goye da kwandon dakon kakanta Aite,
wanda ya shekara arba'in yana hawan dutse da gishiri.
Ta kife shi, ta hau kai da ƙafa biyu.
Ko gezau.
Ta nuna saƙar, ta ce ƙasa-ƙasa:
Ba sa kwanciya. Tokare juna suke.
Kalma shida. Na ƙirga.

Gada ta biyu mummuna ce, ba na ɓoyewa.
Gam ya yi mata majina ta ko'ina,
Chhewang ya manne yatsunsa biyu,
Ngima ta kwance jan zaren kitsonta
ta ɗaure inda zarenmu ya gaza.
Goma. Ashirin.
Babu mai tari.
Talatin da ɗaya, dankali ya ƙare.
Aka ɗora butar shayi, aka ɗora yagaggen takalmina.
Phurba ya ce a ɗora Phurba.
Na ce a'a.

Da yamma muka gangara tare zuwa gadar gaske,
ta igiyar ƙarfe, mai lilo bisa farin ruwa,
wadda suke hayewa tun suna goye
ba su taɓa kallonta ba.
Yau sun tsaya cak.
Sun kwanta rub da ciki suna leƙen ƙasanta,
ana gardamar wace waya ke ɗauke da wace.
Alfadarai shida sun yi layi a baya,
ƙararrawa na kaɗawa, mai su na ta faɗa.

Sunmaya ta ɗago, goshi duk tsatsa.
Baba, ta ce, noti ɗaya ya kwance a nan.
Mutumin ya yi shiru.
Ya saki igiya, ya durƙusa ya duba.

Ni kuwa na mayar da kwando gidan masu shi.
Aka ƙirga a gabana: talatin.
Har yau in mun haɗu a bakin famfo,
uwar Chhewang kan ɗaga mini yatsa ɗaya.