Ruwa Ya Dawo Neman Gidansa

Kafin asuba nake tura kwale-kwale,
wuƙa a ƙugu, fitila a goshi,
ni Chantrea, 'yar tafkin kudancin Phnom Penh,
inda uwata ta koya mini yankan alayyafon ruwa.
Ki bar gaɓa biyu, ta ce, gobe ma rana ce.

Duk abin da birni ya wanke, nan yake gangarowa:
ruwan wanki, jinin mahauta, baƙin ruwan kwata.
Tafki bai taɓa kai ƙara ba.
Ya karɓa, ya kwantar, ya tace ta cikin saiwoyi,
ya miƙa wa kogi abin da kifi zai iya sha.
Mu kuma mu ɗaure ganye dami-dami,
mu mayar wa birni a bayan babur,
ya ci da shinkafa, ya ce muna wari.

Shekarar da bado ya fi kowace shekara fure
aka shimfiɗo bututu daga kogi,
kaurinsa ya kai mutum ya rarrafa a ciki.
Dare da rana yana aman yashi.
Kwaɗi suka fara yin shiru daga gabas.
Zalɓe ya tsaya da ƙafa ɗaya a kan tulin rairayi
kamar baƙon da ya zo gaisuwa
ya tarar an tashi.

Ɗana Ponleu ne ke gadin injin.
Ban hana shi ba.
Albashinsa ya sayi maganin ƙaiƙayin ƙafata,
ya biya wa ƙanwarsa kuɗin makaranta.
Da yamma yakan kakkaɓe takalminsa a bakin ƙofa,
in share, in tara a kusurwa,
ba mai cewa komai.
Ranar da yashi ya kai ga turakun gonata
shi ya ciro su, ya kawo mini a kafaɗa.
Da su na dafa abincin dare.

Yanzu akwai titi a inda nake kafa tarko,
da gidaje masu kala ɗaya, da ƙofar ƙarfe.
Sun sa wa unguwar sunan furen ruwa.
A bakin ƙofar nake sayar da ganyen
da ake kawowa daga wani lardi,
ninki biyu na kuɗin da, kuma ya yi yaushi.

Sai damina ta zo da kayanta,
ta tarar an toshe ɗakin da take sauka.
Ruwa ba ya mantuwa.
Ya bi titi yana tambaya gida-gida,
ya shiga shagon mai gyaran waya,
ya hau matakalar asibiti,
ya kwana a falon mai mota uku,
baƙi ƙirin, yadda birni ya sako shi,
don babu saiwar da za ta wanke masa fuska.

Da safe Ponleu ya zo, ruwa har gwiwa.
Inna, ina kwale-kwalen nan?
Yana bayan ɗaki, kife, kaji na kwana a ƙarƙashi.
Muka juya shi, muka toshe ɓula da tsumma.
Ranar na yi fiton mutum goma sha ɗaya
a kan gonata,
ina kauce wa turakun da babu su.