Kifi Takwas a Rikkos

Daga bakin Lamingo na ɗebo tsakuwa,
na wanke ta kamar shinkafar biki
har ruwan ya daina ja.
Akwatin gilashi, taƙi uku,
na girke shi inda rediyon marigayiya Hansatu yake.

Davou mai kifi ya ce, "Baba,
ruwa ma sai ya kwana biyu yake karɓar baƙi."
Sati biyu ina gadin kumfa,
tana hawa, tana fashewa.

Ran Laraba na ce ya ba ni biyu.
Ya girgiza kai:
"Irin waɗannan, in ba su kai takwas ba,
tsoro ke cinye su."

Na ɗauko su a leda, cikin rigata,
don sanyin Jos ba ya raga wa baƙo.

Ga su nan, ba wanda ya kai ɗan yatsa.
Ɗaya ya juya, duk sun juya,
ba kira, ba shawara.

An ɗauke wuta. Kumfa ta tsaya.
Na haska tocila, na ƙirga: takwas.
Na sake ƙirgawa.
Sannan na lalubo waya,
na kira Kaduna, na kira Legas,
na kira autata a Gombe.